Tambayoyi da Amsoshi Game da Wurin Bautar Minakshi na Madurai da Bukukuwansa

Yawancin abin da Bahaushe ya sani game da Indiya daga arewaci da yammacin ƙasar ya fito, wato ɓangaren Delhi da Mumbai da masu jin harshen Hindi. Can kudu kuwa wata duniya ce daban, mai harshenta da abincinta da salon gininta, kuma babu inda wannan bambanci ya fi fitowa fili kamar birnin Madurai. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne na tarihi da al'ada. Duk inda aka kawo labarin abin bautarsu, an kawo shi ne yadda mabiya addinin Hindu suke faɗarsa.

A ina wannan wurin bauta yake, kuma wa ake bauta wa a cikinsa?

Yana tsakiyar tsohon birnin Madurai ne, a jihar Tamil Nadu, kudu da kogin Baigai. Mabiya addinin Hindu suna bauta wa Minakshi a cikinsa, wadda suke ɗauka ita ce Parbati a wata siffa, tare da mijinta Sundareswarar, wato Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, wanda Parbati take matarsa. Faɗin wurin ya kai kusan eka 14, kuma an kewaye shi da katanga mai tsawo wadda ke da babbar ƙofa a kowace kusurwa ta gabas da yamma da kudu da arewa.

Wanda ya dubi taswirar birnin zai ga cewa titunan tsohon gari sun kewaye wurin ne zobe-zobe, wani a bayan wani, kuma sunayen watannin Tamil, wato al'ummar wannan jiha, aka laƙaba musu: Adi, Chithirai, Abani da Masi. Asalin wannan suna shi ne, a kowane titi akan zagaya da gumakan ne a bikin watan da titin yake ɗauke da sunansa. Ke nan wurin bautar ne ya tsara wa garin hanyoyinsa, ya kuma tsara masa lissafin shekararsa.

Wace ce Minakshi, kuma me sunanta yake nufi?

Ma'anar sunan ita ce mai ido irin na kifi. A waƙoƙin Tamil na dauri yabo ne na kyau, kamar yadda mawaƙi zai yabi mace da dara-daran idanu. Masu bautarta suna ƙara wata fassara, cewa kifi ba ya rufe ido, don haka ita ma ba ta gafala da mutanenta. Kifi ne kuma tambarin gidan sarautar Pandiya, wanda ya mulki Madurai tun zamanin da.

Labarinsu ya ce wani sarkin Pandiya mai suna Malayadwaja da matarsa Kanchanamalai sun daɗe ba su sami haihuwa ba, sai suka yi hadaya a wuta suna roƙon ɗa namiji. Maimakon haka, yarinya 'yar shekara uku ce ta fito daga cikin wutar, kuma da nono uku a ƙirjinta. Hankalin sarki ya tashi, amma sai ya ji wata murya tana cewa ya rene ta kamar yadda zai reni magajinsa, na ukun kuma zai ɓace ranar da ta haɗu da mijinta. Ta girma ta koyi hawan doki da riƙe makami, ta gaji mahaifinta, ta fita yaƙi tana cin garuruwa har ta isa dutsen Kailash, mazaunin Shiba. Da ta yi arba da shi sai alamar ta ɓace, ta gane mijinta ne, shi kuma ya biyo ta Madurai aka ɗaura aure. Abin lura a nan shi ne ango ne ya tare a garin amarya, kuma ita ce mai gadon sarauta. Kusan duk wata al'ada ta wurin daga wannan tushe ta fito.

A ɗakinta na ciki an sassaƙa siffarta da dutse mai launin kore-kore, tana tsaye, da aku a kan furen da ke hannunta na dama.

Yaushe aka gina shi?

Wurin tsoho ne ƙwarai, amma yawancin ginin da ake gani a yau bai wuce shekara ɗari huɗu zuwa ɗari biyar ba. Tun a ƙarni na 7 mawaƙin addini Sambandar ya yi waƙar yabon Shiba na wannan wuri, wanda a lokacin ake kira Alabai, abin da ke nuna cewa tun kafin zamaninsa ake bauta a nan. Sarakunan Pandiya sun yi masa gine-gine, daga baya kuma sarakunan Nayak, waɗanda suka riƙe Madurai daga ƙarni na 16, suka faɗaɗa shi ya kai girman da yake da shi yanzu. Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Tirumala Nayak, da ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659.

Shin gaskiya ne an taɓa kai masa hari?

Gaskiya ne. A shekarar 1311 Malik Kafur, kwamandan rundunar Sarkin Delhi Alauddin Khalji, ya sauko kudu da yaƙi a daidai lokacin da 'ya'yan gidan Pandiya biyu suke rigimar gadon sarauta. Ya shiga Madurai, ya kwashe dukiya mai yawa, wurin bautar kuma ya lalace. Daga kusan 1335 aka kafa daular Musulmi mai cin gashin kanta a birnin, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai kafin rundunar daular Hindu ta Bijayanagara ƙarƙashin Kumara Kampana ta karɓe garin, aka koma bauta a wurin.

A zamanin wannan daula ne matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Madurai, ya tarar ana fama da annoba. Shi ne dai mutumin da bayan 'yan shekaru ya ratsa Sahara zuwa Mali, ya biyo ta Takedda a ƙasar da yanzu take cikin Nijar. A ganina bai kamata a ɓoye wannan babi na tarihi ba, haka kuma bai kamata a mayar da shi makamin cusa gaba tsakanin mutanen da suke zaune tare a yau ba. Sarakunan wancan zamani, na kowane addini, sun san inda zinariya take taruwa, kuma wuraren bauta na cikin manyan taskokin ƙasar.

Me baƙo zai gani idan ya shiga?

Tun daga nesa zai hango hasumiyoyin ƙofa, waɗanda suke kira gopuram. Guda 14 ne, mafi tsawo ita ce ta kudu, mai kusan mita 52. Kowace hasumiya tana tsukewa yayin da take hawa sama, kuma tun daga gindi har ƙoli an lulluɓe ta da dubban siffofi na abin bautarsu da dodanni da dabbobi, an shafe su da fenti shuɗi da kore da ruwan hoda.

A ciki akwai tafki mai matakala ta kowane gefe, wanda ake kira Tafkin Furen Zinariya. Ana ba da labari cewa a zamanin da, idan mawaƙa suka kawo rubutunsu, a wannan ruwa ake gwada shi, mai kyau ya taso, marar kyau ya nitse. Akwai kuma Zauren Ginshiƙai Dubu, wanda Ariyanatha Mudaliyar, wazirin sarakunan Nayak, ya gina a 1569. Ginshiƙansa 985 ne idan aka ƙirga, kuma yanzu an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Akwai wasu ginshiƙai na dutse da idan aka ƙwanƙwasa su kowanne yake ba da sautinsa daban. A wani zaure da aka yi wa ado da azurfa, siffar Shiba mai rawa ta ɗaga ƙafar dama, saɓanin sauran wurare inda ta hagu ce a sama, kuma bayanin da suke bayarwa shi ne wani sarkin Pandiya da ya koyi rawa, ya san wahalarta, shi ya roƙe shi ya sauya ƙafa don ya huta.

Me ya sa ake cewa a Madurai mace ce mai gida?

Domin a nan ita ake fara gaisarwa. A galibin wuraren bautar Shiba ɗakinsa ne kan gaba, na matarsa kuma yana gefe. A Madurai masu ziyara sukan fara da ɗakin Minakshi, sannan su wuce na mijinta, kuma da sunanta aka san wurin duka. Har ta kai mutanen Tamil suna da wata tambaya da suke yi wa magidanci: gidanka Madurai ne ko Chidambaram? Chidambaram gari ne da Shiba ke kan gaba a bautarsa, don haka abin da ake tambaya shi ne, tsakanin kai da matarka wa ke da ta cewa.

Kowane dare kafin a rufe ƙofa, wajen ƙarfe tara zuwa goma, akan yi wata hidima da ke nuna matsayin nan. Masu hidimar bauta sukan ɗauko alamar Sundareswarar daga ɗakinsa, su sa a wata 'yar rumfa ta azurfa da ake ɗauka a kafaɗa. Mai busa algaitarsu doguwa yana gaba, mai ganga yana biye, wani yana fifita da mafici, hayaƙin turare ya turnuƙe hanya har da ƙyar ake ganin masu ɗaukar. A bakin ƙofar Minakshi sai a dakata a yi wa ƙafafunsa hidima, sannan a shigar da shi ɗakin kwana, a rufe. Da asuba a mayar da shi wurinsa. Kullum haka ake yi, shi ne mai zuwa wurinta.

Yaya ake gudanar da bikin Chithirai?

Wannan shi ne babban bikin shekara, kuma sunansa sunan watan farko ne na shekarar Tamil, wanda ke kamawa a tsakiyar Afrilu. Ɓangaren da ya shafi Minakshi kwana 12 ne. Ana buɗe shi da ɗaga tuta a cikin wurin bautar, daga nan kuma safe da yamma ana fito da gumakan a zagaya gari da su a kan abin hawa iri-iri, yau siffar bijimi, gobe ta doki, jibi ta giwa.

A rana ta takwas ake naɗa Minakshi sarauniya, a sa mata kambi, a miƙa mata sandar mulki. A lissafinsu ita ce ke riƙe da garin na tsawon wata huɗu, har zuwa watan Abani lokacin da ake naɗa mijinta ya riƙe sauran wata takwas. A rana ta tara ake kwaikwayon yaƙe-yaƙenta, inda ake nuna tana cin galaba a kan masu tsaron kusurwoyin duniya takwas. Rana ta goma ita ce ta ɗaurin aure, wadda suke kira Tirukalyanam.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan rana shi ne yadda jama'a suke ɗaukar auren tamkar na 'yar gidansu. Akan kawo gunkin Bishnu, wani babban abin bautarsu, daga Tirupparankundram, wani dutse da ke gefen gari, don ya tsaya a matsayin ɗan'uwan amarya mai bayar da ita. Malaman bauta biyu suna wakiltar ango da amarya, suna musayar sarƙar fure. A lokacin da ake ɗaura wa amarya abin wuyan aure, wanda suke kira tali, dubban matan aure da ke wurin da waɗanda ke kallo a allunan talabijin na waje sukan sauya zaren nasu talin da sabo mai launin rawaya, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai. Ana dafa shinkafar walima a ciyar da dubban mutane kyauta, kuma akwai masu zama suna karɓar gudummawar biki, kamar dai yadda ake yi wa kowace amarya a garin.

Washegari ake jan karusai biyu na katako, manya kamar gidan sama, ta ango da ta amarya. Babu inji babu dabba, mutane ne ɗaruruwa suke kama igiyoyi masu kauri suna ja, wasu kuma suna biye da gumagumai suna cusawa ƙarƙashin ƙafafun karusar don su tsayar da ita ko su karkata ta a kwana.

Wane ne Alagar, kuma me ya sa ake cewa ya makara?

Alagar, ko Kallalagar, Bishnu ne a wata siffa, kuma wurin bautarsa yana gindin wasu duwatsu kimanin kilomita 20 daga Madurai. A labarin da talakawa suke bayarwa shi ne yayan amarya. Yakan taso daga gidansa zuwa bikin ƙanwarsa cikin shigar mayaƙan Kallar, al'ummar karkara da suka daɗe suna ɗaukarsa nasu, yana yada zango a rumfuna ɗaruruwa da mutane suka kafa masa a hanya. Kafin ya iso gaɓar Baigai sai labari ya riske shi cewa an riga an ɗaura aure. Ransa ya ɓaci, ya shiga cikin kogin a kan dokin zinariya, amma ya ƙi haurawa zuwa cikin gari.

Wannan shiga ruwa, da ake yi da sassafe a ranar da wata ya cika, ita ce ta fi tara jama'a a duk bikin, domin mutane dubu ɗaruruwa ne suke cika gaɓar kogi da gadoji. Samari sukan yi shiga mai launi, su rataya salkunan fata cike da ruwa suna fesa masa don sanyaya shi. Manoma kuma ido suke zubawa su ga launin alharinin da aka sa masa, saboda a wurinsu kore alama ce ta damina mai albarka. Cunkoson yana da haɗari, kuma a bikin 2022, wanda shi ne na farko da aka bar jama'a su taru bayan takunkumin korona, mutum biyu sun rasu a turmutsitsi.

Tarihin wannan labari ya fi labarin kansa ban sha'awa. Asali bukukuwa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Auren Minakshi na masu bautar Shiba ne na cikin birni, kuma a watan Masi ake yin sa, shi ya sa har gobe a titunan Masi ake jan karusai. Fitowar Alagar kuwa ta masu bautar Bishnu ce da mutanen ƙauye, kuma a garin Tenur yake shiga kogi. Tirumala Nayak ne ya ɗage bikin auren zuwa Chithirai, lokacin da an gama girbi kuma akwai hannuwan da za su ja karusa, ya kuma karkato da hanyar Alagar zuwa bakin Madurai. Da wannan dabara ya haɗa ɗariƙu biyu masu gasa da juna, ya haɗa birni da karkara, ba tare da ya tilasta wa kowa ya bar abinsa ba. Ina ganin hikimar tana cikin tsayawar Alagar a kogi: ya zo, an karɓe shi, amma bai shiga ƙarƙashin ikon kowa ba, kogin ya zama wurin haɗuwa kuma ya zama iyaka.

Akwai wasu bukukuwan ban da wannan?

Kusan kowane wata da nasa. A watan Abani, wajen Agusta zuwa Satumba, ana kwaikwayon wasu daga cikin abubuwan al'ajabi 64 da suke jingina wa Shiba a Madurai. Wanda aka fi so shi ne na tsohuwa Bandi mai sayar da puttu, wani abincin garin shinkafa da ake turarawa, mai kama da dambu. Labarin ya ce kogi ya yi ambaliya, sarki ya umarci kowane gida ya ba da mutum ɗaya don toshe gaɓa, ita kuwa ba ta da kowa. Shiba ya zo mata a siffar ɗan ƙwadago, suka shirya za ta biya shi da ɓarɓashin puttu. Ya ci ya ƙoshi, ya kwanta barci a ƙarƙashin itace ya bar aikin. Sarki ya zo ya tsula masa sanda a baya, nan take duk mai rai a garin, har da sarkin kansa, ya ji zafin dukan. A ranar wannan biki akan kai gumakan bakin kogi, malamin bauta ya ɗauki kwando da ƙasa yana kwaikwayon aikin, a raba wa jama'a puttu.

A watan Tai, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ana bikin yawo a kan ruwa a babban tafkin Bandiyur, wanda Tirumala Nayak ya sa aka haƙa a gabashin gari. Akan ɗora gumakan a wani dandamali mai iyo da aka ƙawata da fitilu da furanni, a ja shi da igiya a zagaya tsibirin da ke tsakiyar tafkin. Akwai kuma Nabaratri, darare tara da ake yi wa Minakshi ado daban-daban a kowanne.

Shin kowa yana iya shiga?

A yau wanda ba Hindu ba zai iya shiga harabar, ya ga tafki da zauruka, amma ba a ba shi izinin shiga ɗakunan bauta na ciki. Ana cire takalmi a waje, ana son sutura mai rufe kafaɗa da ƙafafu, ana binciken jiki a ƙofa, kuma ba a shiga da wayar hannu. Wurin yana buɗewa tun asuba, a rufe da tsakar rana, a sake buɗewa da la'asar har dare.

Kafin 1939 kuwa, hatta wasu 'yan Hindu an hana su taka ƙofar saboda gidan da aka haife su. A ranar 8 ga Yuli na wannan shekara wani lauya mai suna Baidyanatha Iyer, wanda shi kansa ɗan gidan Brahman ne, wato ajin da malaman bauta suke fitowa daga ciki, ya shiga da mutum biyar daga al'ummar Dalit da mutum ɗaya daga al'ummar Nadar, al'ummomin da ake hana wa shiga a lokacin. Ɗaya daga cikinsu, Kakkan, daga baya ya zama minista a gwamnatin jihar. Yawancin malaman bauta sun ƙaurace wa aiki na tsawon shekaru suna cewa an ƙazantar da wurin, amma gwamnatin Madras ta fitar da dokar da ta kare waɗanda suka shiga. Gandhi, wanda ya ƙi shiga wurin muddin ana wannan wariya, ya ziyarce shi a 1946. A wurina wannan rana tana da nauyi a tarihin ginin daidai da ranar da aka aza kowace hasumiyarsa.

Akwai Musulmi a Madurai?

Akwai, kuma sun daɗe. Babban masallacin Kazimar, wanda masu kula da shi suke danganta kafuwarsa da ƙarni na 13, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga wurin bautar. A unguwar Goripalayam, arewa da kogi, akwai hubbaren wasu sarakunan Musulmi na da, kuma kusa da wannan unguwa ne Alagar yake shiga ruwa kowace shekara.

Wa ke kula da wurin a yanzu?

Wata hukuma ce ta gwamnatin Tamil Nadu mai lura da wuraren bautar Hindu da dukiyoyinsu, ita ke riƙe da kuɗi da gyare-gyare, hidimar bauta kuma tana hannun iyalan da suka gaje ta. Bisa al'ada duk bayan shekara 12 ya kamata a gyara hasumiyoyi, a sabunta fenti, a yi bikin tsarkakewa da suke kira kumbabishekam, ko da yake sau da yawa lokacin yakan zarce. An yi a 1995, an kuma yi a 2009. A daren 2 ga Fabrairu, 2018 gobara ta tashi daga shagunan da ke cikin harabar kusa da ƙofar gabas, zafinta ya farfasa ginshiƙan dutse na wani tsohon zaure har rufinsa ya rufto. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar shaguna a ciki, kotu kuma ta hana shiga da waya.

Wane lokaci ya fi dacewa da ziyara?

Mai son ganin gini cikin natsuwa ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da zafi ya yi sauƙi, kuma ya guji ranar Juma'a, wadda ita ce ranar da masu bautar Minakshi suka fi cika wurin. Mai son ganin Chithirai kuwa ya duba kalandar shekarar tun da wuri, domin ranakun suna bin wata ne, suna faɗawa a cikin Afrilu ko Mayu. A lokacin rana tana ƙuna sosai, masaukai suna cika makonni kafin biki, kuma dutsen daɓen harabar yakan yi zafin da mai tafiya ba takalmi ba zai iya tsayawa a kansa ba bayan hantsi.